Akun Kawu Sanda

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. A kasuwar shanu tambayar ɗaya ce: me ya kai ni Gana, kuma ta yaya na tafi neman mutum na dawo da tsuntsu? Wasu ma sun riga sun yanke cewa asirin ciniki na je sayowa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa guntun ya je ya ƙara masa yaji. Ga shi nan gaba ɗayansa, wanda ya sake tare ni zan ce ya je ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa.

Mu mahauta ne na Talatar Mafara, ta uwa da ta uba. Ni dai na bar wuƙa na koma lodin shanu zuwa Legas. Mahaifiyata, Inna Kulu, 'yar Maradun ce. Idanunta sun tafi tuni, kunne ma ya yi nauyi, amma hankalinta yana nan garau. Na tashi na san tana da wani wa mai suna Sanda wanda ya rasu yana saurayi, an yi masa sadaka tun kafin a haife ni. Iyakar abin da na sani ke nan, don ba a taɓa ambatonsa a gidanmu ba ko a cikin addu'a.

Wata ranar kasuwa sai Alhaji Bawa mai goro, wani dattijon Bakura da ke fatauci zuwa Gana, ya aiko in same shi gida. Na je. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da shanu da gajiya, ya sake tambayar gida, har na fara zaton ya mance abin da ya kira ni a kai. Sai da ya leƙa ƙofar zaure ya ga babu kowa sannan ya rage murya.

"Bello, na ga wani tsoho masallacin zango, can Sakandi, bakin teku. Da yaj ji maganata yar riƙe man hannu. Bai da murya, sai raɗa. Yac ce, gidan rundawa, mahautan Maradun, akwai wata Kulu, tana da rai?"

Na ce, "Wane ne shi, Alhaji?"

"Sanda yac ce sunanai. Ni dai na isar."

Na yi zaton Inna za ta ruɗe in na faɗa mata. Ba ta ko motsa ba. Ta ce ita ta san bai mutu ba. A ranar ta ba ni labarin da ta riƙe tun tana yarinya. Sanda ba ya iya kallon jini, in aka kayar da sa sai ya yi ta amai, wanda a gidan mahauta wannan kaɗai ya isa abin kunya. Abin da hannunsa ya iya shi ne girki. Yana da wata 'yar tukunya da yake ɓoyewa bayan rumbu, in ya haɗa miyarsa sai ya kira ta a ɓoye ta ɗanɗana masa gishiri. Wata rana a mahauta, gaban mahaifinsu, wani ya kira shi ɗan daudu, aka yi dariya. Kafin sati kalmar ta riga shi shiga ko'ina. Mahaifin nasu ya fasa tukunyar, ya yi masa dukan da sai da maƙwabta suka shigo, shi kuwa ya bi motar goro bai sake waiwayowa ba. Da shekara ta zagayo mahaifinsu ya tara mutane ya ce labari ya zo Sanda ya rasu a kudu. Aka yi addu'a, aka raba waina.

"Har ni na ci wainar," in ji Inna. "Ka tai ka kawo man shi, Bello. In bai zuwa, ka kawo man muryatai in ji kahin in mutu."

Na so in yi dabara in huta da tafiyar. Alhaji Bawa yana da lambar matar da tsohon ke haya a gidanta, muka kira, aka kai masa waya baki, na manna tawa a kunnen Inna. Ta saurara ta saurara, ta ture hannuna. Ta ce wannan iska ce, ba Yayanta ba.

Kafin in kama hanya sai da na je Maradun wajen babban wansu, Kawu Alhaji, don ba a yin irin wannan a bayan babba. Ya je duba gonarsa wajen Faru, na hau babur na bi shi. Wanda ya san hanyar nan a da ba zai gane ta yanzu ba, tun da 'yan bindiga suka kori mutane. Mun ratsa ƙauyuka da tsakar rana babu ko kaza. A wani gida na hango turmi da taɓarya a tsaye cikinsa, kamar mai dakan ta shiga ɗaki ne ta dawo. Gero ya nuna har ya sunkuya, babu mai yanka. Mai babur kan kashe inji a gangare don ya saurari daji. Ban taɓa jin shiru mai nauyi irin wannan ba, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Kawu Alhaji ya saurare ni yana tsaye da carbi a hannu. Bai tambayi lafiyar ƙanensa ba.

"Wanda anka yi ma sadaka bai dawowa," ya ce. "Baba yar ruhe maganag ga, ni ban buɗe ta. In ka kawo shi kak ka kawo shi gidana, kuma kak ka kawo shi maƙabartarmu."

Na ce to. Amma raina ya ɓaci, har na mance da tsoron hanya a dawowa.

Motar shanu na bi zuwa Legas, saman katako, inda na saba. Babu abin ba da labari a nan sai zafin Makwa da wani bijimi da ya kwanta kusa da Jebba muka sha fama kafin ya tashi. Daga Legas ne na zama baƙo. Na shiga motar da ke bin gaɓar teku, kan iyaka bayan kan iyaka, a kowace a sauke mu, a jera mu, a duba fuska a duba takarda. A ta farko aka tambaye ni katin allurar shawara. Ina da shi, amma ya kwana a aljihu ɗaya da ƙunshin kilishin da Inna ta ba ni in kai wa Yayanta, ya sha mai ya yi ja. Ma'aikacin ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya shinshina, ya kira abokinsa shi ma ya shinshina. Daga ƙarshe suka buga hatimi suna dariya, kilishin kuma ya ragu.

A Kwatano da Lome Faransanci ya kewaye ni, na koma kurma. Na nuna wani abu fari a kwano ina zaton tuwon masara ne, ashe mai tsami ne kamar an kwana ana jiƙa shi, ga yaji baƙi da ƙaramin kifi yana kallona. Na ci don yunwa. Wata mata a gefena ta ga yadda nake haɗiya ta miƙo mini ruwa, Allah ya saka mata.

Abin da ya fara tsaya mini a rai a Gana shi ne matattu. Mu in mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta, ko hotonsa wasu ba sa son gani. Su kuwa sai su ajiye gawa a ɗakin sanyi wata da watanni suna shirin biki, su buga hoton mamacin ƙato-ƙato su manna a bango, a sandar wuta, a jikin bishiya. Tun daga Ankara, babban birninsu, har Sakandi, duk inda mota ta tsaya sai ka ga fuskar wani yana yi maka murmushi, ka duba ka ga ya daɗe da mutuwa. Wasu hotunan ruwa ya wanke su, ido kaɗai ya rage. Na zauna a motar ina tunani: su suna riƙe matacce kamar mai rai, mu mun binne mai rai mun ci waina.

A zangon Sakandi limamin ya sauke ni a wani ɗaki jikin masallaci, tabarma da buta da ƙusa a bango. Komai a garin danshi ne da shi, rigar da ka rataye da safe sai ka same ta da sanyi da yamma. Hausarsu kuwa sai da na saba da ita, don ba su raba mace da namiji, kowa "shi" ne. Da safe aka kawo mini shinkafa da wake da suke kira wace, na ci na ji kamar na dawo duniya.

Gidan da kawuna yake yana can ƙasa kusa da tsohuwar tashar jirgin ruwa, wani bene na katako da gishirin teku ya cinye. A da mashayar ma'aikatan jirgi ce. Mai gidan, Anti Esi, tsohuwa ce mai ƙiba da ta gaji wurin daga uwarta, tana jin Hausar zango. Ta ce, "Kai ne ɗan ƙanwan Kuku? Hau sama, yana jiranka tun jiya, bai ci abinci ba." Kuku suke kiransa, babu wanda ya san shi da wani suna.

Ina tsakiyar matakala, itacen yana ƙara a ƙarƙashina, sai na ji wani Bature ya daka tsawa daga sama. Murya ce ta tsoho, mai kauri, mai tari a ciki. Kafin in gama tsayawa wani Baturen ya amsa da siririyar murya yana dariya, sai na uku ya yi fito. Na ce a raina ashe yana da baƙi. Na yi sallama na tura ƙofa. Babu kowa a ɗakin sai wani tsoho siriri zaune kan buzu, da farin ƙyalle ɗaure a wuya, da keji a kan taga. A cikin kejin wani aku ne mai launin toka da jan wutsiya, gashin ƙirjinsa duk ya zube, ya karkata kai yana kallona da ido ɗaya. Na ja na tsaya a bakin ƙofa.

Tsohon kuwa fuskar Inna ce sak, har da yadda take tattare leɓe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya jawo kaina ya kai bakinsa kunnena, don an yi masa aiki a maƙogwaro shekarun baya, muryar ta tafi. Haka muka yi duk hirarmu, ni ina magana, shi yana raɗa, numfashinsa yana taɓa mini kunne. Hausarsa ta tsaya inda ya bar ta, irin wadda rabona da jin ta tun kakata. Ya tambayi Kulu, ya tambayi rijiyar ƙofar gidansu, ya tambayi wata tsamiya da aka sare ina yaro. Na ba shi kilishin. Ba ya iya haɗiye shi, sai ya riƙe a hanci ya rufe ido.

Na yi kwanaki ina zuwa kullum bayan azahar. Ya ce daga motar goro ya faɗa Legas, daga nan ya sami aikin wanke tukwane a jirgin ruwan Turawa, har ya zama mai dafa wa manyan jirgi abinci. Ya ga Ingila ya fi a ƙirga. Da ƙarfi ya ƙare ya zauna a nan. Akun ya girme zamansa a gidan, tun zamanin uwar Anti Esi yake rataye a mashayar yana kwashe abin da mashaya ke faɗa. Duk muryoyin da na ji a bakinsa na mutanen da suka mutu ne.

Na tambaye shi me tsuntsun ke cewa. Ya jawo kunnena.

"Sunayena na. Duk wanda anka kira ni da shi cikin jirgi, yana bakinai."

Daga nan duk sanda akun ya yi magana sai ya fassara mini. Mai kaurin muryar nan wani tsohon injiniya ne, kalmarsa "nansi". Kawu ya ce sunan mace ne kawai, ka kira namiji da shi ka gama da shi, kuma injiniyan ya taɓa gaya masa kakanninsu da wani sunan macen suke yi, "moli". Bayan wannan aka yi yayin "fansi", wai sunan wani fure ne. Amurkawa da suka riƙa zuwa suka kawo "feri", wata 'yar aljana mai fukafukai ta cikin tatsuniyarsu. Akwai "fuf", wanda akun ke fitarwa kamar mai hure fitila. Wadda ta fi ciwo a zamaninsa ita ce "kwiya", ma'anarta abin da ya bauɗe, wadda in aka jefe ka da ita a tashar jirgi duka ke biyo baya. Ya ce da tsufansa ya ga abin mamaki, wasu samarin Turawa masu yawon buɗe ido sun zo gidan da wannan kalmar rubuce a rigunansu, da kansu suka ɗauke ta suka sa. Sai "ge", wadda a da mai fara'a take nufi. Ita masu abin ne suka zaɓa don su gane juna, daga baya kowa ya sani, har 'yan makaranta suka mayar da ita zagi.

Siririyar muryar mai dariya kuwa ta wani mai raba abinci ce a jirginsu, Sitanli. Shi da irinsa suna da wani yare nasu da suke yi a gaban kyaftin bai gane ba, kamar yadda mu a kasuwa muke ciniki da yatsu a ƙarƙashin riga mai shanu yana tsaye. In abu ya yi kyau sai su ce "bona". Kawu ya ce da aka sauya dokar da ke hukunta irinsu a ƙasarsu yaren ya mutu, don babu sauran abin ɓoyewa. Sitanli bai ga wannan ba. Wata safiya a tsakiyar teku aka sami takalmansa a jere bakin ƙarfen jirgi. Yana gama raɗa mini wannan akun ya ce "bona, bona," ya kece da dariyar mutumin. Anti Esi ta ce ita ba ta hawa sama in hazon teku ya sauko, don a ranar ce tsuntsun ke kiran matattun duka ɗaya bayan ɗaya.

"Su Turawa kalmassu tana tsuhwa," Kawu ya raɗa. "In ta daɗe sai ta dakushe, su jefar su ɗauko wata. Na ga shida ko bakwai sun wuce ta kaina, ba wadda tat tsaya. Tamu guda ɗai ta, sau guda anka hwaɗa, ga ta nan har yau."

Zan faɗi gaskiya, tambayar da ke bakin kowa a kasuwa ta zo bakina ni ma. Na so in ce, Kawu, abin da aka faɗa, haka ne? Na san abin da addini ya ce, ba sai wani ya tuna mini ba. Amma ina kallon tsoho mai shekara tamanin da ke rarrafawa ya yi alwala, sai na ga ba ni aka aiko in yi wannan tambayar ba. Ban yi ba, shi ma bai ce ba. Masu son su sani sai su haƙura kamar yadda na haƙura.

Da na ce ya shirya mu tafi gida, ya tambaye ni abin da Kawu Alhaji ya ce. Na so in ɓoye, ya riƙe hannuna har na faɗa. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin da ya riga ya sani. Ya ce a nan liman ya san shi, an nuna masa inda za a sa shi. Can kuwa in ya je, Kulu za a bari da rigima a kan gawarsa. Na roƙe shi har na yi fushi, na ce tsohuwa makauniya tana zaune tana jira, me zan ce mata? Na ce ko murya ta ce in kawo, ga shi babu.

Ya saki hannuna. Sannan ya nuna kejin.

"Tai da shi. Akwai wata magana da yak koya wurina, ba da niyya ba, tun ina da murya. Ya bar yin ta tun da hannuna yab bar aiki. Ban sani ba ko ya mance."

Na ce wace magana?

"Ba taka ba ta. Ta Kulu ta."

Ranar da zan tafi shi da kansa ya lulluɓe kejin da tsohon zanen gado. Da na kai ƙasan matakala na saurara, ɗakin shiru. Anti Esi tana share hawaye da gefen zane ta ce, "Yanzu wa zai yi masa magana?" Na rungumi kejin na fita.

Dawowa da aku ta kan iyaka uku ba wasa ba ne, ashe tsuntsu ne da ba a yarda a fita da shi ba. A ta farko wani mai kaki ya ɗaga zanen, tsohon injiniya ya daka masa tsawa daga cikin keji, mutumin ya ja da baya ya dube ni, ya dubi tsuntsun da ƙirjinsa a tsige, ya ce in kwashe kayana in wuce. A sauran na rungume shi a cinya kamar jariri ina addu'a. A mota fasinjoji suka bar mini kujera ni kaɗai, don duk sanda muka ratsa wuri mai duhu sai Sitanli ya yi dariya. Na bi shi da gyaɗa da ayaba, na yi masa Hausa, na kira sunan Kulu a kunnensa. Bai ce komai ba sai zagin matattu.

Da na iso Mafara na gaya wa Inna komai. Ta ce a kawo tsuntsun. Na ce ta bari ya huta tukuna, na rataye shi a zaure. Gaskiyar ita ce kunya nake ji in shigar da wannan bakin cikin mata, kuma ina tsoron ta saurara ta sake cewa iska ce. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Cikinsu akwai maƙwabcinmu Malam Nasiru da ke koyar da Turanci, ya tsaya ya ji kalma biyu, fuskarsa ta sauya, ya fita bai yi sallama ba. Kafin Juma'a magana ta kai Maradun.

Kawu Alhaji ya zo da kansa da yamma, bai zauna ba. Ya ce na rasa abin da zan ɗauko sai abin da zai tsaya a ƙofar gida yana shelar abin da aka rufe shekara da shekaru. Ya ce in kawo wuƙa. A gidan mahauta wuƙa ba ta da nisa, kuma ban ga yadda zan yi gardama da wan uwata a gaban jama'a ba. Sai ga saƙo daga ciki, Inna ta ce kafin a yanka a kawo mata ta taɓa abin da hannun Yayanta ya taɓa.

Na shiga da kejin, Kawu Alhaji yana bayana. Inna tana kan tabarma a tsakar gida, matata tana gefe a bakin murhu tana kaɗa miyar kuka. Na ajiye kejin gaban Inna, ta sa yatsu tana shafa ƙarfen. Akun ya takure, bai ce uffan ba. Kawu Alhaji ya ce to, ta taɓa, a miƙo. Daidai nan matata ta gama kaɗawa, ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya don miyar ta sauka.

Akun ya miƙe wuya. Muryar da ta fito ban taɓa jin ta ba, ta namiji ce cikakkiya, mai taushi, da Hausar Maradun, a hankali kamar mai gudun kada a ji shi daga cikin gida.

"Kulu. Kulu, taho ki ɗanɗana man. Gishiri ya ji?"

Ludayin ya faɗi daga hannun matata. Na juya na ga Kawu Alhaji ya dafa bango, don shi ma ya san muryar. Inna kuwa ta juyar da fuskarta, ba wajen kejin ba, wajen bayan ɗaki inda rumbu zai kasance in da a gidansu ne.

"Na'am, Yaya Sanda," ta ce. "Ya ji. Kak ka ƙara."

Babu wanda ya sake maganar wuƙa. Kawu Alhaji ya fita bai yi wa kowa sallama ba, na bi shi da takalmansa da ya mance. A zaure ya karɓa, ya tsaya yana kallon ƙasa, ya tambaye ni ko can ɗin akwai mai kai masa ruwan alwala. Na ce akwai. Ya ce to, ya tafi.

Kejin yana rataye yanzu a ƙofar ɗakin Inna. Har yau yana zagin da ya saba, Sitanli yana dariyarsa, matan gida sun daina firgita. Masu cewa in sayar musu da shi su daina wahalar da kansu. Kullum in an ɗora miya Inna takan sa a matso da tabarmarta kusa da murhu, ta ce wa matata ta ƙwanƙwasa ludayin, ta zauna tana jira a kira ta.